A Ce Kai Ne Alƙali

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan suka raba wa aiki da wasa lokaci. Suka ba aiki rana, suka ba wasa dare, don kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Sa'ad da mu ke yara a Kakangi an hana mu yin tatsuniya da rana. Aka ce mana wanda ya yi zai ɓace a daji, sai fa in ya ɗaure Gizo tukuna, watau ya sami ɗan zare ko ciyawa ya ƙulla kafin ya buɗe baki. Ko yaro ya san Gizo ba ya ɗauruwa da ciyawa. Gona ce manya ke ji wa tsoro, gama yaron da ya miƙe ƙafa yana jin labari da hantsi, wa zai kore masa birai daga masara? Amma da zarar an yi sallar lisha, an ci tuwo, ga farin wata, to, ba mai hana kowa. 'Yan mata su kafa gaɗa a dandali, samari su kama langa, ƙanana kuwa su kewaye tsohuwa a bakin murhu. Dattawa ma suna da nasu, sai dai su ba su jiran dare. Da rani, in an sauko daga la'asar, sai ka gan su a gindin itace sun haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, suna dara har magariba ta raba su.

Duk wasannin nan na san daɗinsu, amma wanda na ke so in yi magana a kansa daban ne. Shi ne wanda a kan fara da 'yar kalmar nan, "a ce". A ce kai ne Sarki. A ce ke ce amarya. A ce wannan turmi doki ne. Da an faɗi haka, kowa ya yarda, shi ke nan, turmi ya zama doki, ba mai gardama sai wasa ya tashi. Na daɗe ina juya wannan kalma a raina, kuma iyakar abin da na gani, ba mu da wata makaranta da ta koya wa mutanenmu yadda a ke riƙe matsayi, da yadda a ke sakinsa, kamar ta. Ina kuwa jin tsoron muna gab da rasa ta, ba tare da kowa ya lura ba.

A ƙauyukan Zazzau da Katsina da Kano akwai bikin da samari kan yi bayan an kawar da amfanin gona, ana ce da shi kalankuwa. Su kan naɗa wa junansu sarauta, wannan Sarki, wannan Waziri, wancan Alƙali, har da Gwamna da Likita da 'yan doka, su yi 'yan kwanaki suna mulkin dandali, da makaɗa da maroƙa, manya na gefe suna kallo. Namu na Kakangi bai kai na manyan garuruwa ƙasaita ba, amma ba abin da ya rasa. Har 'ya'yan Fulanin rugagen kusa su kan shigo, a naɗa ɗayansu Arɗo, a ba shi wurin zama kusa da Sarki. Abin dariya shi ne, mu da muka yi wasan nan wajen 1990 ba wanda ya taɓa ganin Di'o da idonsa, tun da ya ke Turawa sun miƙa mulki a 1960, En'e ma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta. Duk da haka sai an naɗa Di'o. A shafa masa toka a fuska, a kifa masa ƙoƙo a ka a madadin hula, ya riƙa magana ta hanci, tafinta na juya wa jama'a yadda ya ga dama. In Di'o ya yi doguwar magana, tafinta ya ce, "Bature ya ce yana gaishe ku." In ya yi tari kawai, tafinta ya ce, "Bature ya ce kowa ya kawo goro biyu." Mu dai dariya mu ke yi. Sai daga baya na gane ashe iyayenmu sun ajiye mana tarihin zamaninsu ne a cikin wasa, irin tarihin da ba a rubuta a littafin makaranta ba.

Abin kuwa ya girmi Turawa. Wata tsohuwa da a ke kira Baba, mutuniyar Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin zamanta na duniya a Giwa, maƙwabtanmu na gabas, cikin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a Ingila a 1954. A ciki ta ambaci irin sarautun nan na samari da 'yan mata tun zamanin ƙuruciyarta, kafin a ci ƙasar nan. A gidajen sarauta ma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida kan yi shigar Sarki da fadawansa, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa, mai hali ya ga halinsa ba tare da an kira sunansa ba. Ga kuma tashe, da a kan fara in azumi ya kwana 10, yaro ya zama boka mai tallar magani, ko tsoho mai gemun auduga. Duka reshen itace guda ne.

To, amma kotun dandali ita ce abin da ya fi zama mini a rai. Doka ce sosai, ba ta wasa ba, ko da ya ke a wasa a ke. Wanda ya makara, tara. Wanda ya taka tabarmar Sarki da takalmi, tara. Wanda ya kira mai sarauta da sunansa na yanka, tara. Wata shekara Alƙalinmu ɗan wani talaka ne tilis, wanda ubansa ke ƙodago a gonakin mutane. Aka kawo masa ƙarar ɗan wani mai hali a garin, wai ya ture ɗan doka. Ya saurari mai ƙara, ya saurari wanda a ke ƙara, ya nemi shaidu biyu, sa'an nan ya yanke masa tarar goro biyar. Yaron ya fusata, ya tafi gida ya kai wa ubansa kuka. Uban ya yi dariya, ya ƙirga goro biyar ya ba shi, ya ce, "Tafi ka biya. Kai ka yarda aka naɗa shi." Da biki ya watse, washegari da sassafe na ga Alƙalin nan da jaki da mangala yana kai taki gonar mutanen da ya ci wa ɗa tara. Ba rawani, ba zagi. Suka gamu da yaron a hanya, suka gaisa, kowa ya wuce.

Dubi abin da yara biyun nan suka koya a mako guda. Ɗan mai hali ya koyi durƙusa wa doka ko da a bakin wanda ya raina ta fito. Ɗan talaka ya koyi cewa rawani abin naɗawa ne, abin warwarewa ne, kai kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi. Na biyun nan ya fi wuya, shi ne kuma ya kawo ni maganar aiki.

Ni akawu ne, aikin da kakana na wajen uwa ya yi a zamanin En'e, yana malamin haraji, yana bin ƙauyuka da akwatin rasit da 'yar kwalbar tawada. Haraji da jangali Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna a 1979, amma tebur yana nan, rajista tana nan, hatimi yana nan, layin mutane a bakin ƙofa ma yana nan. Wanda bai taɓa zama bayan tebur ba, ba zai san irin giyar da ke cikinsa ba. Dattijo sa'an ubanka ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam." In ba ka yi hankali ba sai ka ɗauka kai a ke gaisarwa, alhali kuwa tebur a ke gaisarwa, da hatimin da ke cikin aljihunsa. Na zauna da ma'aikata iri biyu. Akwai wanda in an tashi ofis ya kan bar ofis a ofis, ya hau kekensa ko babur, ya koma ɗan'uwan kowa. Akwai kuma wanda kujera ta manne masa, har a masallaci ka ga yana jiran a matsa masa, har matarsa sai ta nemi iso. Irin wannan ranar da takardar barin aiki ta zo masa, ya kan zama abin tausayi, gama ya manta kayan aro ba ya rufe katara. Ban ce duk wanda ya yi wasan dandali ya tsira daga wannan ciwo ba. Amma na lura waɗanda suka taɓa yin sarautar kwana uku, suka koma ɗaukar taki, ciwon bai cika kama su da tsanani ba.

Akwai kuma wani amfanin "a ce" a bakin tebur, wanda ya fi wancan kusa da talaka. Mutum ya zo neman takarda, ga ka da aiki ya taru, ga azahar ta yi, ga yunwa. Kalma mafi sauƙi a duniya ita ce, "Dawo gobe." Ba doka ka karya ba, ba wanda zai tuhume ka. Abin da kaɗai zai tsai da harshenka shi ne ka iya cewa a zuci, a ce ni ne wannan tsoho, na taso daga ƙauye tun asuba, na sai da tiya biyu ta masara na biya kuɗin babur, na biyo hanyar da ba kowa ke bin ta da kwanciyar rai ba, gobe kuma sai na sake sai da wata tiya biyu. Wanda ya iya faɗin haka zai buɗe fayil. Wanda bai saba shiga rigar wani ba tun yana yaro, da wuya ya koya yana da shekara 40.

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Zariya ya zo hutu, muna hira a kan wannan, sai ya ce, "Kawu, ai Turawa ma suna da irinsa, har sayar da shi su ke yi a kwali." Ya ba ni labarin wani wasa da waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a 1974, sunansa Dungeons & Dragons, watau kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni. 'Yan littattafai uku ne a cikin kwali, kwafi 1,000 aka fara bugawa, yanzu kuwa ba iyakar masu yinsa a duniya. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur. Ɗaya shi ne mai ba da labari, shi ne kuma alƙalin wasa. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan mai sihiri, a rubuta ƙarfin kowa da rauninsa a takarda. Mai labari ya ce, ga ku a bakin kogo, kun ji gurnani a ciki, me za ku yi? Kowa ya faɗi nasa. In abin da mutum ya nufa mai wuya ne, sai ya jefa ƙwaya irin ta lido, wata ma fuska 20 gare ta, abin da ta nuna shi zai raba gardama. Ba mai ci, ba wanda a ke ci. Labari guda ya kan kai shekara ana yinsa, mako mako.

Na ce masa, "Wannan ai tatsuniya ce aka ba masu sauraro baki." Gama bambancin ke nan. A tatsuniyarmu tsohuwa ce ke riƙe da linzami, daga buɗewa har ƙurunƙus. In Gizo zai faɗa rami, ko ka yi kuka sai ya faɗa. A kalankuwa kuwa kowa na da baki, amma ba labarin da ya ɗaure wasan. Su Amurkawan nan sai suka haɗa biyun a tabarma guda.

Da na bi asalin abin sai na tarar daga aiki ya fito. A 1824 wani hafsan soja na Furusiya, ɗaya daga ƙasashen Jamusawa na da, mai suna Reisswitz, ya nuna wa manyansa wani wasan yaƙi da a ke yi a kan taswira, da 'yan gumaka ja da shuɗi a madadin runduna, da alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ya san inda kowane ɓangare ya ɓuya. Manyan suka karɓa, aka sa hafsoshi su riƙa yinsa don koyon dabara. Da Furusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonsa. Daga zuriyar wannan wasa na Amurkawan ya fito. Watau su ma sun gane gara mutum ya yi kuskurensa a kan tebur, inda gyara ba ya cin rai.

Na san akwai malaman da za su ɗaure fuska, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Wanda ya karanta Risala ya san an hana wasan nardu, mai ƙwayar jefawa, domin ƙofar caca ce. Kalankuwa ma ba a raba ta da abin ƙi, ga cuɗanyar samari da 'yan mata har tsakar dare, ga ɓarnar kuɗin da aka sha wuyar damina kafin a samu, shi ya sa wa'azi ya yi mata rauni tun kafin wani abu ya same ta. Waɗannan duka a zubar da su, ban yi baƙin ciki ba. Amma "a ce" kanta ba malamin da zai hana ta, don da ita ya ke karantarwa. Zauna a zauren ilimi ranar da aka zo babin gado, ka ji. "A ce mutum ya rasu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa shaƙiƙi. Raba." Almajiri ya ba matar tumuni, ya ba 'ya'yan sulusi biyu, ya miƙa wa ɗan'uwa saura. Ba wanda ya mutu, ba dukiyar da aka taɓa, amma ranar da gawa ta gaske ta kwanta, hannunsa ba zai yi rawa ba. In kuwa ana bukatar abin raba gardama, ƙuri'a ta isa, ita kuwa halal ce, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi ta tsakanin iyalinsa in zai yi tafiya.

Abin da ya kashe dandalinmu dai ba wa'azi ba ne. Dajin nan da ya kewaye mu, wanda aka keɓe wani yanki nasa gandun En'e a 1936, aka mai da shi gandun ƙasa na Kamuku a 1999, fiye da murabba'in kilomita 1,000, da can wurin farauta ne da zuma da itacen wuta. Sai ya zama mafakar ɓarayin shanu, ɓarayin shanu suka zama masu satar mutane. A watan Oktoba na 2012 aka kashe masallata da asuba a Dogon Dawa. A watan Mayu na 2018 aka far wa Gwaska, aka kashe mutum fiye da 40. Tsakanin nan da bayan nan ba sai na ƙirga ba, kowane gida a ƙasar Birnin Gwari yana da nasa lissafi. Farin wata da mu ke murna da shi ya zama abin tsoro, don yana haska wa babura hanya. Uwa ba ta barin ɗanta ya wuce ƙofar gida bayan magariba. Ganga ta yi shiru, gama wa zai buga abin da zai hana a ji ƙarar mai zuwa? Yaran da aka haifa cikin waɗannan shekaru da yawansu ba su taɓa ganin dandali cike da dare ba.

Amma kada ka zaci sun bar "a ce". Yaro ba ya bari. Abin da ya gani da iko shi zai kwaikwaya. Wata rana da la'asar na tarar da 'yan unguwarmu a bayan gida sun yi bindigogi da karan dawa, sun rufe fuska da tsumma, sun ɗaure ƙaraminsu a jikin turke. Ɗaya ya kara guntun katako a kunne, yana cewa, "In ba ku kawo miliyan biyu da buhun shinkafa ba, ku zo ku ɗauki gawa." Har muryar ya iya. Na tsaya ina duban su, na nemi Alƙali a cikin wasan ban gani ba, na nemi Sarki ban gani ba. Mu mun gaji Di'o da tafinta, muna yi musu dariya. Su ga abin da suka gada, kuma ba dariya su ke yi ba, rige-rigen zama mai bindiga su ke yi.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rufe layukan waya a waɗansu ƙananan hukumomi, har da tamu, don a toshe wa ɓarayin daji hanyar samun labari. Aka yi wajen wata biyu haka. Dare ya yi tsawo, ba fita, ba kira. Sai na tuna da Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a Zariya cikin 1936, shi kuwa haifaffen Kagara ne, nan kudu da mu, ya san irin dajin nan. A littafi na farko ai aku ne ke ba ɗan Sarki labari dare bayan dare, don ya tsare shi a gida, kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Na ce ashe aikin aku ya same ni. Na tara 'ya'yana da na maƙwabta a zaure, mu tara, da fitila guda, aka sakaya ƙofa.

Ban yi musu tatsuniya ba, na gwada dabarar da ɗan ƙanwata ya ba ni labari. Na ce, "A ce ku ayari ne na zamanin da, za ku Gwanja sayen goro. Kai ne madugu. Kai ne jagaba. Ke ce mai dafa wa ayari abinci, ke ce kuma ke riƙe da jakar wuri. Kun yi kwana 12 kuna tafiya, kun iso bakin rafi, ya cika ya batse, ga jakai 20 da kaya, ga rana za ta faɗi. Me za ku yi?" Suka yi tsit, suna jira in ci gaba, don haka suka saba. Na ce ni ma ban san abin da zai faru ba, sai sun faɗa. Can jagaba ya ce zai shiga ya gwada zurfin ruwa da sanda. Na ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya na ce ya canka. Bai dace ba, ruwa ya tafi da sandarsa da takalminsa. Nan fa zaure ya kaure, kowa na ba da shawara, mai jakar wuri ta ce ita ba za ta biya masu fito ba sai an rage. Ba su san lokacin da dare ya raba ba.

A cikinsu akwai yaron nan mai waya ta katako. Dare na uku ya ce, "Baba, ni ɗan fashi na ke so in zama." Na ce to. Ya tare ayari a kurmi, ya kama ɗan madugu, ya yanka fansa, yana ta washe baki. Ban ce masa kome ba. Washegari na ce yau za a yi musaya, shi ne madugu, ɗansa ne a hannun 'yan fashi, sun ba shi kwana uku. Ya ce zai sai da jakai. Na ce jakai na masu kaya ne, amana ce. Ya ce zai sai da saniyarsa ta gida. Na ce an sai da ta bara, da aka kama ƙanensa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, a ce ina da gona fa?" Na ce, "A ce kana da ita. In ka sayar, me 'ya'yanka za su ci baɗi?" Ya duƙar da kai yana wasa da bakin tabarma. Sauran suka shiga tara masa wuri, mai dafa abinci ta kwance jakarta ba tare da an roƙe ta ba. Ban san abin da ya shiga zuciyar yaron ba, Allah kaɗai ya sani, kuma ba zan ce dare guda ya gyara abin da shekara goma ta ɓata ba. Na dai ga ya zauna wajen rabin sa'a a cikin rigar mutumin da ya saba yi wa dariya.

Wannan ne abin da fim ba ya yi. Ba ni da gaba da fim. Tun da aka fara na Hausa a kaset a Kano wajen 1990, har ya koma cikin waya, ya ɗebe wa mutane kewa ba kaɗan ba, ni ma na kan kalla. Amma fim ba ya tsayawa ya dube ka ya ce, kai me za ka yi? Ka ga azzalumi ka tsine masa, ka ga wanda aka zalunta ka ce Allah sarki, ka kashe waya ka kwanta, ba a nemi kome daga gare ka ba. Kuma kowa da tasa wayar, mutum biyar a ɗaki guda, kowa ya tafi garinsa daban.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Kasuwa dai da an buɗe ta ta kan cika da kanta, don ciki ba ya jira. Dandali ba haka ya ke ba. Waɗanda suka san yadda a ke naɗa Alƙalin samari yanzu duk mun haura 40, 'yan bayanmu ba su gani ba balle su koyar. In hakimai da dagatai da malaman firamare ba su sa hannu ba, da wuya ya tashi. Ba kuwa kuɗi ya ke ci ba. Ba a bukatar kwalin Amurka, ko ganga, ko haɗa samari da 'yan mata da dare. Tabarma ce, da babba guda mai haƙuri, wanda zai iya kame bakinsa ya bar yara su yanke shawara ko da ya ga rami za su faɗa. Wannan kame bakin shi ne mai wuya, musamman ga irinmu da muka saba a ce mana ranka ya daɗe.

Da aka maido da layin waya a ƙarshen Nuwamba na 2021 manyan yaran suka janye, ƙananan suka ci gaba da zuwa daren Alhamis da na Juma'a, da ba makarantar allo. Ayarin nan ya kai Gwanja ya komo, muka shiga shari'a. Na ce a ce shanun Arɗo sun shiga gonar wani sun cinye masa dawa, manomi ya kawo ƙara. Alƙali ya faɗo kan wata 'yar maƙwabcina mai shekara tara. Ta sa aka auna ɓarna, aka ce dami huɗu. Har za ta yanke, sai ta juya ta tambayi mai shanu ta ina ya bi. Ya ce ta burtali. Ta ce to, yaya aka yi burtali ya kai shi cikin dawa? Manomi ya sosa ƙeya, ya ce ai burtalin ne ya ɗan nome, don ƙasar wurin ta fi kyau. Ni ban sa wannan a labarin ba, shi ya ƙago abinsa, a gida ya ji ana faɗi. Ta ce mai shanu ya biya dami biyu, manomi ya tashi daga burtali kafin damina. Duka biyu suka ce ba su yarda ba, za su ɗaukaka ƙara gaban Sarki. Aka juya wajen Sarki, aka tarar ya yi barci a jikin buhu, rawanin ɗankwalin uwarsa ya warware. Aka ɗage shari'a sai mako mai zuwa.